Yadda ake neman cancantar sa bawul a huhu ga mai anfizem mai tsanani

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗoriya yana jan babbar mota tsakanin Tawa, Agadas da Arlit, kuma duk tsawon hanyar nan sigari ne abokin hirarsa. Yau daga ɗakinsa zuwa masallacin unguwa sai ya tsaya sau biyu ya dafa katanga. In ya sunkuya wanke ƙafa wajen alwala, yakan ɗago yana haki kamar wanda kare ya biyo. Mu a gida fuka muke cewa. Likita kuwa BPCO, wato daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin iska, da anfizem, wato lalacewar naman huhu, ya rubuta a takarda.

Wani ɗan uwanmu da ke Turai ne ya fara kawo zancen bawul. Ya ce ana zura wani ɗan abu cikin huhu ta baki, ba yanka ba ɗinki, mutum ya samu sararin numfashi. Kafin kwana biyu dangi sun shiga lissafin gonar da za a sayar. Allah ya sa ba mu yi gaggawa ba, don daga baya muka gane cewa masu wannan aiki ba sa karɓar kowa, ko da ya zo da buhun kuɗi. Alƙaluma suke dubawa, kuma yawancin alƙaluman nan a gida ake tara su, tun ba a sayi tikitin jirgi ba. Ga hanyar kamar yadda na bi ta da Kawu.

Da farko a gane aikin da bawul yake yi

Huhu mai lafiya kamar sabon soso yake, cike da ƙananan ramuka masu miƙewa su koma. Anfizem yana cinye bangon ramukan, su haɗe su zama manyan jakunkuna marasa danƙo. Iska ta shiga, fita ta gagara. Huhun ya kumbura ya cika ƙirji, ya danne tsokar da ke ƙarƙashinsa wadda ita ce zugazugin numfashi. Shi ya sa mai anfizem yake jin ƙirjinsa a cike tim alhali iska yake nema.

Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, kowane kashi da hanyar iskarsa. Likita yakan zaɓi kashin da ya fi lalacewa, ya toshe hanyoyinsa da bawul, galibi uku zuwa biyar. Bawul ɗin yana barin iska da majina su fito, ba ya barin sabuwar iska ta shiga. A hankali kashin ya saɓe, sauran huhun da ke da ɗan dama-dama ya samu wurin buɗewa. Da na yi wa Kawu wannan bayani dariya ya yi, ya ce: "To ai bawul ɗin taya ne aka juya shi baibai." Tsohon direba ba ya buƙatar dogon sharhi.

Iri biyu ne suka fi shahara, Zephyr na kamfanin Pulmonx da Spiration na Olympus, kuma hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su duka a 2018. A Turai an riga Amurka fara amfani da su da shekaru. Cibiyoyin da suka yi suna a wannan aiki suna Haidalbag a Jamus, Groningen a Holan, Landan, Filadalfiya, da manyan asibitocin jami'a na Faransa. Bawul ba ya warkar da anfizem, wurin da ya lalace ya lalace ke nan. Sauƙin numfashi yake samarwa ga wanda jikinsa ya dace.

Mataki na ɗaya: a tabbatar anfizem ne, a fitar da tibi daga lissafi

A ƙasarmu ba kowane mai haki ne ke da anfizem ba. Akwai asma, akwai ciwon zuciya, akwai ƙarancin jini, akwai kuma tabon tsohon tibi, wanda ya yi yawa a cikinmu. Don haka a fara daga kusa. A Tawa je babban asibitin jiha, a ɗauki radiyon ƙirji, a kai kaki a yi gwajin GeneXpert na gano tibi. Cuta mai rai a huhu, tibi ce ko wata, tana rufe zancen bawul har sai an gama maganinta. Wanda ya taɓa shan maganin tibi a baya ya faɗa, ya kuma nemo katinsa in yana nan. Kunya ba ta da wuri a nan, don sikana za ta nuna tabon ko an ɓoye.

Daga nan a nemi takardar turawa zuwa likitan huhu. A Yamai akwai sashen cututtukan huhu a asibitin Amiru Bubakar Jallo na Lamorde, hayin kogi. Likitan huhu shi ne uban tafiyar, shi zai rubuta gwaje-gwaje, shi zai sa hannu a wasiƙar da za a aika waje. Dosiyen da ba likita a bayansa ba kasafai ake kula shi ba.

Mata ma suna cikin wannan magana. Uwar da ta shekara arba'in tana hura wutar icce a madafa marar taga tana iya kamuwa da BPCO ba ta taɓa riƙe sigari ba. Sai dai sau da yawa nata ciwon ya fi kama hanyoyin iska bisa ga cin naman huhu, bawul kuwa na mai anfizem ne. Sikana ce za ta raba gardama.

Mataki na biyu: taba

Wata huɗu cur ba hayaƙi, shi ne mafi ƙarancin abin da ake nema, wasu cibiyoyi ma sai wata shida. Ba kuma da fatar baki ake yarda ba. Ana auna wani sinadari mai suna kotinin a fitsari ko jini, wanda jiki ke samarwa daga nikotin.

Nan ne muka kusa yin tuntuɓe. Kawu ya ajiye sigari, muka yi ta yi masa barka, ashe ya koma garin taba da kanwa yana cusawa a leɓe. Da na gani na ce: "Kawu, wannan ma fa tana fitowa a gwaji." Ya ce: "Kai yaro, hayaƙi suka hana, ba su hana gari ba." Gaskiya ne garin taba ba ya shiga huhu, amma nikotin ɗinsa yana shiga jini, gwajin kuwa ba ya bambanta na leɓe da na hayaƙi. Shisha ma hayaƙi ce. Wanda yake amfani da cingam ko filastar nikotin don ya daina, ya sanar da likita tun farko, akwai wani awon da ake yi maimakon wancan. Rubuta ranar da aka daina a takarda, daga ita ake fara ƙirga.

Mataki na uku: magani da motsa jiki su kai iyakarsu

Ba a kai mutum ga bawul sai an tabbatar magani ya yi iya yinsa. Ventoline kaɗai, wadda kowa ya sani, ba ta isa ba. Ana son a ga mai ciwon yana kan magungunan shaƙa masu dogon aiki kullum, irin su tiyotiropiyom haɗe da wani mai buɗe hanyar iska, bisa ordinans ɗin likita. Ajiye ordinans ɗin duka, har da tsofaffin. Sannan ka roƙi likita ko majo su kalli yadda mai ciwon yake shaƙa. Kawu ya yi wata da watanni yana fesa maganin a kan harshe yana haɗiyewa, ba wanda ya lura.

Mai shan ƙwayoyin kortizon kullum, in ya wuce miligiram 20 na firednizon a rana, ana ɗaukar ciwonsa bai zauna ba. Haka wanda ake yawan kwantarwa asibiti saboda tashin ciwon. Ana son watanni na kwanciyar hankali kafin a taɓa huhun. A nan hunturu ne abokin gaba: ƙurar Disamba zuwa Fabrairu tana tayar da ciwon, don haka a rufe hanci, a rage fita da sassafe, a tambayi likita allurar rigakafin mura da ta nimoniya.

Sai horon numfashi da motsa jiki, wanda a takardun Faransanci ake kira réhabilitation respiratoire. Mako shida zuwa takwas ake so, tafiya da ƙarfafa cinyoyi da hannuwa, ƙarƙashin kulawar mai gashin ƙashi ko likita. Mutanenmu suna ganin mai haki hutu ya kamace shi. Hutun ne ke narkar da tsokar ƙafa, hakin ya ƙaru, a sake ƙara hutu. Mu a tsakar gida muka yi namu bisa tsarin da aka rubuta mana: daga gindin dogon yaro zuwa ƙofar zaure, bayan sallar asuba in gari ya yi haske da kuma bayan la'asar in rana ta yi sanyi. Ya shaƙa ta hanci, ya fitar a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura koko. Na sayi littafin ƴan lakwal ina rubuta kwanan wata da yawan zagaye. Littafin nan daga baya ya shiga dosiye, likita ya buga masa hatimi.

Mataki na huɗu: gwaje-gwajen da ke yanke hukunci

Daga Tawa zuwa Yamai ta Ƙonni, Dogondutsi da Doso ya haura kilomita 500, wuni guda ne a kar, kuma ga mai anfizem ba ƙaramar wahala ba ce. Kada a yi tafiyar sau uku. Ɗan uwan da ke Yamai ya karɓi randebu duka tukuna, a jera su cikin mako ɗaya, sannan a taso da mai ciwon. Kada kuma a yi gwajin numfashi cikin makonnin da ciwon ya tashi, alƙaluman za su fito ƙasa da gaskiyarsu.

Na farko shi ne awon busa, EFR a takarda. Ana manne hanci, mutum ya cika ƙirji ya busa cikin bututu da dukan ƙarfinsa har sai ya ji kamar zai faɗi. Ana yi kafin shaƙar magani da bayansa. Na tsaya a bayan Kawu ina kallon ma'aikaciyar tana buga tebur tana cewa "Busa, Baba, busa, busa, kar ka tsaya!", jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa, sai da aka maimaita sau biyar kafin a samu uku masu kyau. Layin da za ka nema a takardar shi ne VEMS, iskar da ta fita a daƙiƙar farko. Babban binciken da aka dogara da shi, mai suna LIBERATE, ya karɓi masu kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na abin da ake tsammani ga mai shekarunsu da tsawonsu, wasu cibiyoyi suna kaiwa 50. Wanda ya fi haka, ciwonsa bai kai a ɗauki kasadar ba. Wanda ya gaza 15 kuwa, jikinsa ba zai iya jure matsala in ta taso ba. Wannan ne abin da ke ba mutane mamaki: ana iya ƙin mutum don ya yi sauƙi da yawa, ana iya ƙinsa don ya yi tsanani da yawa.

Na biyu ya fi na farko muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa. Busa tana auna iskar da ta fita ne kawai, bawul kuwa maganin iskar da ta maƙale ne. Ana auna ta a cikin wani ɗan ɗakin gilashi mai kama da rumfar tarho, sunan gwajin pléthysmographie. Layi biyu ake dubawa. VR, iskar da ta rage bayan an fitar da duk abin da za a iya, ana son ta kai kashi 175 cikin 100 ko fiye, in kuma lalacewar ta bazu ko'ina daidai wa daida akan nemi 200. CPT, dukan abin da huhu ke ɗauka, ana son ya kai 100 ko ya wuce. Tare da su akan auna DLCO, wato yadda iska ke ratsawa zuwa jini, wadda ba a son ta faɗi ƙasa da kashi 20. Ba kowane wurin da ke yin busa ne ke da ɗakin gilashi ba, don haka tambayi likitan huhu tun ranar farko inda za a yi shi. In bai samu ba, a rubuta haka ƙarara a wasiƙa, cibiyar da za ta yi aikin takan sake auna komai da na'urarta.

Na uku tafiyar minti shida ce a baranda mai tsawon da aka auna, da ɗan maƙalin awon oksijan a yatsa. Tsakanin mita 100 da 500 ake nema. Ka ja kunnen mai ciwon kada ya yi jarumtar banza, kada kuma ya langaɓe don a tausaya masa.

Na huɗu jinin jijiyar wuyan hannu ne, gaz du sang. Yana da zafi fiye da ɗibar jinin da aka saba. Ana duba iskar da jiki ke fitarwa, PaCO2, wadda binciken ya so kada ta wuce 50, da oksijan, PaO2, wanda ba a son ya gaza 45 in mutum ba ya kan na'ura. Amfani da oksijan a gida shi kaɗai ba ya hana mutum cancanta.

Na biyar zuciya. A yi ECG da ekon zuciya, a roƙi likitan ya rubuta alƙaluma biyu da lamba: ƙarfin bugun zuciya, da hawan jinin jijiyar huhu. Raunin zuciya, toshewar jijiyar zuciya ta kwanan nan, ko jinin jijiyar huhu da ya haura wajen 45 zuwa 50, duk suna iya tsayar da magana. A haɗa da nauyi da tsawo, don ƙiba mai yawa, BMI sama da 35, tana hanawa, rama sosai ma abin damuwa ce. In da hali a auna wani sinadarin jini mai suna alfa-1 antitiripsin sau ɗaya, musamman ga wanda anfizem ya kama da ƙuruciya ko bai sha taba sosai ba, don akwai na gado.

Mataki na biyar: sikana, da kuskuren da ya sa muka biya sau biyu

Duk gwaje-gwajen baya suna faɗin ko mutum yana buƙatar bawul. Sikana ita ke faɗin ko bawul zai yi aiki a jikinsa. Dalili kuwa shi ne tsakanin kashi da kashi na huhu akwai wani siririn shamaki, scissure a Faransanci. Ga wasu mutane shamakin a rufe yake ruf. Ga wasu da yawa yana da ɓaraka, iska tana zagayowa daga kashin maƙwabci. Ka ɗauka ɗakuna biyu ne masu bango ɗaya: ka rufe ƙofar ɗaya ka toshe tagoginsa, amma bangon tsakiya a huje yake. Iska za ta shigo ta maƙwabci, ɗakin ba zai taɓa zama fanko ba. Mai irin wannan huhu, ko bawul goma aka sa masa, ba abin da zai saɓe. Halitta ce, ba magani ko motsa jikin da ke gyara ta.

Ana tura hotunan sikana cikin wata manhaja, ta Zephyr sunanta StratX, ta lissafa yawan lalacewar kowane kashi, girmansa, da cikar shamakinsa. In shamakin ya cika kashi 95 cikin 100 ko fiye, alama ce mai kyau. In bai kai 80 ba, yawanci an rufe magana. Tsakanin 80 da 95 sai an auna kai tsaye a cikin huhun.

Manhajar ba ta karɓar kowace sikana. Mu mun je wata kilinik, aka ɗauka, aka miƙo mana manyan fina-finai baƙaƙe cikin ambulan da takardar bayani. Na ɗaga su a taga na ɗauki hotonsu da salula na tura. Amsar da ta dawo gajeruwa ce: wannan ba shi da amfani. Da na koma neman faifai, aka ce an goge hotunan daga na'ura, kuma dama yankan masu kauri ne. Haka muka sake biya, muka sake ɗora dattijo a kan tebur.

Don haka kafin a kwanta, a tabbatar likita ya rubuta waɗannan a takardar neman sikana, kai ma ka maimaita wa mai na'urar da bakinka. Yanka siriri, milimita 1, kada ya wuce 1.5. Ba tare da allurar ruwan haske ba, sai in likita yana da wani dalili. A ɗauka mutum ya cika ƙirji ya riƙe numfashi, huhun duka daga sama har ƙasa. Sannan a ba ku hotunan asali a faifai ko kile, a tsarin da ake kira DICOM. Kada ka bar wurin sai ka ga faifan a hannunka, ka kuma buɗe shi a kwamfuta ka ga ɗaruruwan hotuna, ba goma sha biyu ba. Riƙe numfashi na daƙiƙa goma aiki ne ga mai anfizem, ku yi ta gwadawa a gida kwana biyu kafin ranar.

Sikana tana tona wasu abubuwan da kan hana aikin: ƙullutun da ake zargi, wanda dole a bi sawunsa tukuna, faɗaɗar hanyoyin iska mai tara majina da ake rubutawa DDB, ƙatuwar jakar iska da ta cinye kusan sulusin huhu, ko tabo mai yawa. Wanda aka taɓa yi wa tiyatar huhu a wannan ɓangare ma ya faɗa. Haka mai borin jini da ƙarfen nikel, irin wanda agogo ko ɗan kunnen ƙarfe ke sa wa ƙaiƙayi da ƙuraje, don bawul ɗin da gamin nikel da titaniyom aka ƙera shi, aka lulluɓe da silikon ko wata ƴar fata ta roba.

Mataki na shida: a aika takardu, mutum ya zauna gida

Dosiye ya ƙunshi wasiƙar likitan huhu mai tarihin ciwon, shekarun shan taba da ranar dainawa, jerin magunguna har da masu tsinka jini, yawan kwanciya asibiti a shekarar da ta wuce, sakamakon gwaje-gwajen nan duka da kwanan watansu, da hotunan sikana. A yi masa kwafi uku. Sunan mai ciwon da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a kowace takarda, daidai da fasfo. Mu da muke da Mahamadu a nan, Mamman a can, da "an haife shi wajajen shekara kaza", wannan ƙaramin abu yana iya riƙe dosiye wata guda.

Likita ya aika wa cibiyar da ke yin aikin, ya nemi ra'ayinsu a rubuce. A can kwamiti ne ke zama, likitan huhu da na hoto da na tiyata. Tambayoyin da za a nemi amsarsu: wane kashi suke nufi, nawa ne cikar shamakinsa, za a buƙaci awon cikin huhu, kwana nawa za a zauna, kuma kuɗin da suka faɗa ya haɗa da jinyar matsala in ta faru? Maganar miliyoyin sefa ce, kuma kwanakin da ba a shirya musu ba su ke karya mutum. Ma'aikacin gwamnati ko mai inshora ya fara bin hanyar neman fitarwa jinya waje da wannan amsar a hannu, don ita da takardar kuɗin ake nema. Batun biza ma a sa shi a lissafi tun wuri, musamman ga mai nufin Faransa, tunda an rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024.

A yi hattara da dillalan jinya. Duk wanda ya ce "ku taho kawai, za a yi" bai nemi faifan sikana ba, tikiti da masauki yake sayarwa.

In amsa ta zo da "ku taho"

Ko a nan ba a gama tantancewa ba. Ranar aikin, bayan an sa barci, likita yakan zura bututu mai kyamara ta baki, ya hura ɗan balan-balan ya toshe hanyar kashin da aka zaɓa, na'urar Chartis ta auna iskar da ke fitowa. In ta yi ta raguwa har ta tsaya, ba ɓaraka, a sa bawul nan take, aikin duka bai cika wuce awa ɗaya ba. In ta ci gaba da fitowa, mutum zai farka ba bawul a ƙirjinsa. Dangi su san da wannan tun kafin a sayar da ko akuya.

Su kuma san haɗarin. Binciken LIBERATE, wanda Farfesa Gerard Criner na jami'ar Temple ya jagoranta aka buga a 2018, ya ƙunshi mutum 190, aka sa wa 128 bawul. Bayan shekara, kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka sa wa sun samu ƙarin VEMS na kashi 15 ko fiye, a rukunin da ba a sa wa ba kuwa kusan kashi 17. A tafiyar minti shida bambancin ya kai wajen mita 39. Wato kusan rabi ne suka kai wannan ma'auni, ba kowa ba. A gefe guda, fiye da mutum ɗaya cikin huɗu huhunsu ya huje iska ta taru a ƙirji, abin da ake kira pneumothorax, saboda kashin maƙwabci yana miƙewa da sauri ya cike gurbi. Yawanci cikin kwana ukun farko yake faruwa, shi ya sa ake riƙe mutum aƙalla dare uku a asibiti. Galibi da bututun ƙirji ake magance shi, wani lokaci sai an cire bawul ɗaya. Mutum huɗu cikin 128 ɗin sun rasu a kwana 45 na farko. Wannan lissafi mai ciwon ne da kansa ya kamata ya ji shi, da harshensa, ba a rufe shi a yanke masa hukunci a zaure ba.

Jirgi ma yana da nasa sharaɗi. Iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse mai tsawon mita 2,400 take, don haka mai anfizem mai tsanani yana iya buƙatar oksijan a hanya, kuma sai an sanar da kamfanin jirgi da takardar likita kwanaki kafin tashi. A dawowa, wanda huhunsa ya huje ba ya hawa jirgi sai ya warke sarai an tabbatar da radiyo, an kuma ƙara aƙalla mako guda. A sayi tikitin da ake iya ɗaga ranarsa. Bayan mako shida ko makamancin haka akan sake sikana a ga ko kashin ya saɓe. Bawul yana iya gocewa, nama yana iya tsirowa a bakinsa, wani ma yakan fito da tari, sai a sake shiga a gyara. Ana iya cire shi gaba ɗaya in ya zama dole. Saboda haka kafin a baro can, a karɓo rahoton aikin mai nuna yawan bawul da inda kowane yake, a kuma daidaita da likitan Yamai wanda za a kira in ciwon ƙirji ko haki ya taso farat ɗaya. Watannin farko zama a Yamai ya fi komawa Tawa.

In amsa ta zo da "a'a"

A nemi dalilin a rubuce, don wani "a'a" na ɗan lokaci ne. Taba, tashin ciwo, rashin horon numfashi, sikana marar kyau, duk ana gyara su a sake nema. Na ɓarakar shamaki shi ne ba ya canzawa, ko da yake wasu masu irinsa, in lalacewar a saman huhu take, tiyatar rage huhu takan dace da su. Wanda oksijan ɗin jininsa, PaO2, ya sauka zuwa 55 ko ƙasa, oksijan na gida awa 15 ko fiye a rana yana ƙara masa kwana bisa ga abin da bincike ya nuna, sai dai na'urar tana son wuta, a tanadi batir ko sola da tulun ajiya saboda ɗaukewar lantarki a watannin zafi.

Amsar Kawu a tsakiya ta faɗo: kashin sama na hagu, shamaki bai cika ba bai kuma ɓare sosai ba, sai an auna da balan-balan. Na karanta masa, na fassara masa har da lissafin waɗanda suka rasu. Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce a bar gonar tukuna har bayan kaka, zai yi istihara. Faifan sikanar yana cikin akwatinsa tare da tsohon lasisin tuƙi, kuma an gaya mana in aka wuce wata shida sai an ɗauki sabo.